Jan Layin Ermete

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Ermete Guidarini a garinmu Castelvenno, nan kan tsaunukan da ke saman Modena, ya san ba motar ake fara dubawa ba. Kafin ka gama bayanin abin da ya kawo ka, zai nuna maka wata tsohuwar kujerar mota da ya kafe a ƙasa, can jikin bango. A gabanta akwai katako a karkace, an ɗaure masa sikelin banɗaki, irin wanda mutum ke hawa ya sauko yana tsaki.

"Zauna," zai ce. "Ƙafar dama. Taka kamar saniya ta faɗo maka titi."

Baƙi kan ɗauka wasa yake yi. Ina! Ermete bai iya wasa da birki ba. Masu kuɗi sun zo daga Milano da takalma masu sheƙi sun zauna, lauyoyi sun zauna, har Don Celso limamin cocinmu ya tattare rigarsa ya zauna ya taka, yana nishi yana kiran waliyyai.

Birki kaɗai yake gyarawa, kuma na tsofaffin motocin tsere, 'yan ƙananan nan masu kujera biyu na shekarun sittin, waɗanda babu wata na'ura a cikinsu da ke taya ƙafa aiki. Abin da ƙafarka ta bayar, shi tayoyi za su samu. Tsakanin ƙafar da tayoyin akwai mastan birki, ɗan famfon ƙarfe da bai fi tsawon tafin hannu ba. Ka taka, shi kuma ya tura mai cikin bututu zuwa tayoyi huɗu. In ya tsufa ya fara yoyo sai a canza shi, kuma wajen zaɓen sabon ake gane bakanike. Mai faɗin ciki tauri gare shi, da ɗan taku ya kama, amma sai ƙafa mai ƙarfi. Matsakaici ya fi laushi, sai dai matakin birkin ya ɗan ƙara nutsewa. Akwai kuma siriri, wanda Ermete ya raɗa wa suna Maƙaryaci. A cikin gareji laushinsa kamar ka taka burodi. Amma ka gangaro dutse mai ya yi zafi, sai matakin ya kai ƙasa motar ba ta gama tsayawa ba. Guda ɗaya ya ajiye a kan kantar garejin don nuna wa masu taurin kai, bai taɓa sa wa kowa ba.

A fuskar sikelin ya ja layi biyu da fenti, kore a sama, ja a ƙasa. In allura ta wuce kore, mai faɗi ne naka. In ta tsaya tsakani, matsakaici. In kuwa ta kasa kai wa ja, to ka ji daga bakinsa ba kwana-kwana: tuƙin irin wannan mota ya ƙare maka, ka nemi wanda zai ja ta ya mayar maka gida.

Abin ya samo asali ne tun yana saurayi. Wani dattijo mai sayar da cuku ya faɗa kwari da motarsa a Kwanar Niƙa, muguwar kwanar nan da ke kan gangaren cocin tsauni, daidai tsohon injin niƙa. Gari ya ɗauka birki ne ya tsinke. Ermete ya kwance mastan ya same shi garau, ko ƙwarzane babu. Ya ce birkin lafiyarsa lau, ƙafar ce ta tsufa ba wanda ya tambaye ta. Washegari ya ɗauke sikelin mahaifiyarsa, baiwar Allah har ta bar duniya maƙwabciyarta take zargi. Tun daga ranar babu motar da ta fita daga hannunsa ta saki hanya a kan dutsen nan. Mu dai muna tinƙaho da shi, ko da yake gaisuwarsa sai an zaƙulo ta da filaya.

Jan layin bai san aboki ba. Oreste Ballotta, tsohon direban bas, tare suka yi makaranta, shi ya yi masa babban aboki ranar aure. Da aka yi wa Oreste aikin gwiwa ya kawo koriyar motarsa, ya zauna ya taka har gumi ya keto masa, allura ta tsaya ƙasa da ja tana rawa.

"Haba Ermete, ni ne fa. Bas na tuƙa a kan dutsen nan kafin ka san sifana. Sa mini siririn nan, wa zai sani?"

"Kwanar Niƙa za ta sani."

Oreste ya sayar da motar, ya yi wata da watanni ba ya ko kallon ƙofar garejin. Daga baya kewa ta ci ƙarfinsa ya dawo, ya kafa benci a bakin ƙofa, kullum yana nan da kofinsa yana tsokana. Yana kiran Ermete Alƙali, shi kuma Ermete yana kiransa Fasinja.

Sai dai wanda ya ce Ermete shi kaɗai ke gyaran birki bai san garejin ba. In an sa sabon masta dole a fitar da iskar da ta shiga bututu, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kwance ƙarƙashin mota da sifana, yana buɗe 'yar kusa yana rufewa, ɗaya yana kujerar direba yana taka birki. Shekara arba'in da 'yan kai, mai takawar nan matarsa ce, Dirce. Gajeriya ce, kakkaura, hannunta kullum da garin fulawa, don ita ke murza taliyar ƙwai tana kai wa gidajen abinci da 'yar motarta ta kaya. Da ta ji ya ƙwala mata kira sai ta goge hannu, ta ɗauko wani tsohon matashi da take tokare baya da shi don ƙafarta ta kai, ta tsallako tsakar gida. Daga nan sai unguwa ta ɗauka: "Taka! Riƙe! Saki!" Ƙafar Dirce ta san birki fiye da yadda harshenta ya san gishiri. Ido rufe za ta gaya maka irin mastan da ke jikin mota. In ma Ermete ya yi zargin sikelinsa ya fara ƙarya, ita yake kira ta taka, don allurarta wuri ɗaya take tsayawa tun suna amarci, tsakanin layukan biyu, kusa da kore.

Suna da tasu motar. Ermete ya tsinto ta ne a rumbun wani manomi, kaji na ƙwai a kan kujerunta, ya tashe ta kusa bayan kusa. Marar rufi ce, rawaya, Dirce ta sa mata suna Gwaiduwa don launinta sak na kwaɓin taliyarta. Duk shekara a watan Yuli, ranar Waliyyi Cristoforo mai tsaron matafiya, masu tsofaffin motoci kan hau cocin tsauni Don Celso ya yayyafa musu ruwan albarka. Hawa ba komai ba ne, saukowa ce magana, kuma al'adar garin ita ce mai birki ke gaba. Ermete a sitiyari, Dirce a gefensa da kallabi, sauran motoci a bayansu. Ta taka birkin Gwaiduwa sau ba adadi tana tsaye a gareji, amma ba ta taɓa motsa ta ba, shi ma bai taɓa ce mata ga makulli ba. Har wani masta na asali mai faɗin ciki ya saya ya ajiye wa motar, sabo fil a takardarsa mai maiko. Wai gareji da danshi, don haka a durowar Dirce ya ɓoye shi, cikin zannuwan gadon aurenta, ta yi mita har ta gaji.

Da hunturun bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗan taɓa Ermete. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, likita ya sallame shi, ko lasisinsa ba a taɓa ba. A titi ba ka ganin komai. Amma Dirce ce ke kwana gida ɗaya da shi, ita ke jin takalminsa na dama yana shafar bakin matattakala in zai hau bene.

Ana cikin haka, bikin ya kusa, sai ga ɗigon mai a ƙarƙashin Gwaiduwa. Tsohon mastan ya gaji. Ranar Dirce ta kawo musu kofi ta tarar Oreste ya samu abin yi.

"To, Alƙali, shari'a ta zo gida," in ji shi. "Ga kujera can ta yi ƙura. Ko in goge maka?"

"Sha kofinka, Fasinja."

"A'a, ni fa tambaya nake. Dokar ta talakawa ce kaɗai? Don Celso ma ya zauna, har rigarsa ta yage."

"Mai shago ba ya auna kansa."

"Ka ji shi! Dirce, kin ji mijinki? Ni ya raba ni da motata kan ɗan yatsa ɗaya ƙasa da layi."

Dariya yake yi, amma Dirce ta lura idonsa ba ya dariya. Ermete ya juya musu baya yana goge sifanar da ba ta da datti.

Da yamma ta zuba masa romon kaza da taliya, ta bari ya kai rabi, sannan ta ce, "Ermete, ka zauna a kujerar nan."

"Ke ma?"

"Ni ma."

"Ni na ja layin nan da hannuna, Dirce."

"Shi ya sa."

"Ƙafata ce, na san ta."

"Ni ma na san ta. Ni nake jin ta a kan bene tana jan takalmi."

Kash, da ta sani ba ta faɗa ba. Ya ajiye cokali a hankali, fuskarsa ta yi fari, ya tashi ya bar abincin. Tsawon zamansu ba ta taɓa ganin ya bar romo a kwano ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa. Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Ba don ranta take tsoro ba, ko da yake ita ce a gefensa. Tana tsoron a ɗauko mata shi daga kwari, tana kuma tsoron a ce mutumin da ya hana rabin lardi tuƙi ya yi wa kansa sassauci ya jawo jerin motoci cikin hatsari.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, lokacin da duk garin ke kan tebur, ta ga bai shigo ba, sai ta ɗauki 'yan gurasarmu masu zafi da cuku ta nufi gareji. Ƙofar a rufe take. Ta leƙa ta taga. Ga Ermete a kan kujerar, ya riƙe gefenta da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Allura ta hau, ta hau, ta tsaya ƙasa da ja, ƙasa ma da inda ta Oreste ta tsaya. Ya huta ya sake. Ya cire takalmi ya sake. Ya tokare gwiwar da tafin hannu ya danna, allura ta haye layin, sai ya dubi hannun kamar ba nasa ba, ya janye shi. Dirce ta ja da baya a kan yatsun ƙafa ta koma kicin da kwanonta. Ta zauna ta yi kuka sosai, gurasar ta huce a gabanta.

Ta ɗauka zai zo ya ce an fasa hawa bana. Bai ce ba. Maimakon haka ya kulle kansa a gareji, har Oreste ya kora da bencinsa. Sai ƙarar guduma da ta injin huda ƙarfe. Ta buɗe durowarta ta ga mastan asalin ba ya nan, sai tabon maiko a zanen gado. Washegari Oreste ya zagayo ta ƙofar kicin, hularsa a hannu, babu tsokana ko ɗaya.

"Dirce, na leƙa. Maƙaryaci ba ya kan kanta."

"Na asalin ma ba ya durowa."

"To wanne zai sa?"

"Oho. In mai faɗin ne ba zai iya taka shi ba. In siririn ne, kai ma ka san sauran."

"In kira Ombretta?" Ombretta 'yarsu ce, tana aure a Bologna.

"Kar ka kira kowa. Ai ba zai fitar da iska shi kaɗai ba, dole ya neme ni."

Ta riga ta yanke shawara. Ba za ta ɓoye makulli ba, ba za ta kai ƙararsa wurin Don Celso ba, wannan tozarci ne. Za ta je ta taka kamar kullum. In ƙafarta ta ji taurin na asali ko laushin Maƙaryaci, za ta buɗe ƙofa ta sauka ta bar masa bututu cike da iska, ya nemi wata ƙafar a garin, ta ga wanda zai ba shi. Ba ta taɓa ƙin kiransa ba, kuma ta san in ta ƙi wannan karon wani abu zai karye tsakaninsu da ba ya gyaruwa da sifana.

Ranar Asabar da hantsi kiran ya zo. "Dirce!"

Ta goge hannu, ta ɗauki matashinta, ta tsallaka. Gwaiduwa na ɗage a kan jak, shi kuma ya riga ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. An rufe bonet, wato ba ya so ta gani da ido. Ta jefa matashin a kujera ta shiga, sai gwiwarta ta bugi sitiyari. Ta gyara zama, ta sake buguwa. Ta zare matashin ta ajiye gefe, sai ga ƙafarta ta sauka kan birki daidai, ba miƙewa ba ɗage-ɗage.

"Wa ya taɓa kujerar nan?"

"Taka," ya ce daga ƙasa.

Ta taka, matakin ya zurma har ƙasa ba wani nauyi. Ta san haka kowane sabon masta yake kafin iska ta fita. Sai an gama tayoyin huɗu zai nuna halinsa.

"Riƙe! Saki! Taka!"

Suka gama tayar baya ta dama, ya ja jiki zuwa ta hagu, tana jin yadda yake jan ƙafar a kan siminti. Matakin ya fara ɗan tauri. Suka dawo gaba. Hannunta ɗaya na kan marfin ƙofa, a shirye. Da ya ɗaure kusar ƙarshe ya ce, "To, gwada." Ta rufe ido ta taka da gaske, kamar saniya ta faɗo mata titi. Matakin ya ɗan nutsa, ya tsaya cak, daidai inda ƙafarta ta fi ƙarfi. Ta sake, haka. Ba taurin na asali ba ne, ba kuma laushin burodi ba.

"Ermete, wannan ai matsakaici ne."

"Na sani, ni na sa."

"Amma ƙafarka ba ta kai ko..." Ta kama bakinta.

"Faɗi mana. Na ga inuwarki a taga, da kwano a hannu. Kika tafi da abincina kuma, na wuni da yunwa."

"To wa ka auna?"

"Wa kuwa? Tsakanin ja da kore, kusa da kore, tun kafin a haifi Ombretta. Kujerar ce ta ba ni wahala, ta yi tsatsa, sai da na huda sababbin ramuka."

Dirce ta saki marfin ƙofar. Sai ta ce, "Maƙaryacin fa? Oreste ya ce ba ya kan kanta."

"Na ɗaura shi," ya ce. "Ba zan ɓoye miki ba, ya kwana a jikinta. Na ce wa kaina zan sauko a hankali, da giya ta ɗaya, wa zai sani? Sai na ji ai maganar Oreste ce nake yi, kalma bayan kalma. Da safe na kwance shi na sa masa guduma. Na asalin ki mayar durowa, ko mijin Ombretta zai yi ƙafa wata rana."

"Wannan? Ko keke ba ya iya tsayarwa."

Ta ji ya yi 'yar dariya, dariyar ta sarƙe. Bai fito ba. Ya ce akwai kusar da yake so ya sake dubawa, ita kuwa ta san babu wata kusa. Ta zauna a kujerar da aka gyara don ita, hannunta a kan sitiyari, ta bar shi ya gama abin da yake yi a ƙarƙashi ba tare da ta leƙa ba. A ranta tana jin ba ta taɓa son mutumin nan kamar yau ba, shi da taurin kansa duka.

Kwanakin da suka rage suka yi ta gwaji a shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin kogi. Gwaiduwa ba motar taliya ba ce, da ka taɓa totur ta zabura. Dirce ta sa giya ta yi ƙara, Ermete ya runtse ido kamar haƙorinsa aka cire.

"Mota ce, ba kwaɓin fulawa ba!"

"In ka ƙara magana na sauke ka, ka taka da ƙafar taka."

Can kuma ya ce, ƙasa-ƙasa, kwanar da ta sha yanzu ba laifi.

Ranar biki filin cocin tsauni ya cika, motoci ja da kore da fari sun jeru a rana, masu ƙaho suna busa. Da Gwaiduwa ta shigo surutu ya ɗauke. Ga Dirce a sitiyari da kallabinta, ga Ermete Guidarini a gefe, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya miƙe wuya yana kallon gaba. Kowa ya gane, don babu gidan da jan layin nan bai taɓa wani nasa ba. Oreste, wanda bas ta kawo, ya ratso mutane yana ɗingishi. Dirce ta ce a ranta yau Ermete zai sha tsiya, kuma Oreste na da hakkin yi. Sai ya cire hula, ya buɗe wa Ermete ƙofa.

"Ka zauna a kai?" ya tambaya a hankali.

"Na zauna."

"Ina ta tsaya?"

"Ƙasa da taka."

Oreste ya gyaɗa kai, ya fyace hanci da ƙarfi. "To barka da zuwa, Fasinja. Gefen nan ya fi iska, za ka gani."

Don Celso ya zo da ruwansa, ya yayyafa wa bonet, ya dubi Dirce ya ƙara mata har kallabin ya jiƙe. Wani baƙo daga cikin masu motocin ya tambaya wa zai yi gaba bana. Mutanen garin suka dube shi kamar ya tambayi ina rana ke fitowa. Mai birki mana.

Suka kama gangara, jerin motoci a bayansu. Dirce ta sa giya ta biyu, tana taɓa birki tana saki yadda ya koya mata, kada mai ya yi zafi. Ta gefen ido tana ganin ƙafarsa ta dama tana danna dandamalin mota inda babu komai, duk kwana sai ya danna. Itatuwa suka buɗe, ga Kwanar Niƙa, titi ya naɗe kamar gwiwar hannu, kwari a buɗe a dama. Ta taka. Birkin ya kama daidai inda ta san zai kama, Gwaiduwa ta sunkuyar da kai ta rage gudu, ta sha kwanar sumul ta miƙe.

Dirce ta sauke numfashi, ta jira ya ce ta taka da wuri ko ta makara. Ta saci kallonsa. Ya janye ƙafar ya naɗe ta ƙarƙashin kujera, ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa, ya juya fuska gaba ɗaya wajen kwari, iska na kaɗa farin gashinsa.

"Dirce," ya ce, "ashe daga nan ana hango gidanmu? Ga rufin gareji can, har shanyarki."

"Duk shekara sai na gaya maka."

"Ban taɓa gani ba."

"Ina za ka gani, kana kallon titi."

Ya ci gaba da kallo har itatuwa suka rufe, yana share ido da bayan hannu, bai ko ɓoye ba. Sannan ya ce, "Baɗi ki ɗan rage gudu a nan."